Cinikin Biri a Sama

Babana dillalin raguna ne a 'Yar Kutungu,
shekara talatin da ɗoriya harshensa ne jarinsa.
Yakan buɗe bakin rago ya faɗi shekarunsa,
ya daki ciki da tafi, ya ce wannan ba ƙiba ba ce, ruwan kanwa ne.
Bai taɓa taya abin da hannunsa bai shafa ba.

Sai ƙurji ya fito a gefen harshen,
ɗan mitsitsi, kamar ƙwayar gero.
Muka ce zafin goro ne, muka ce tabar ƙasan leɓe ce.
Ya kurkure da bagaruwa, ya lashi zuma.
Damina ta zo ta tafi, ƙurjin bai raka ta ba.
Ranar da ya ce "albarka" jini ya biyo kalmar,
ranar muka nufi asibiti.

Likita Murjanatu ba ta yi mana kwana-kwana ba.
Ta ce daji ne, kuma ya yi saiwa.
Ta ce akwai maganin da ake gwadawa,
ba a raɗa masa suna ba tukuna, lamba ce da shi.
Rabin masu shiga za su sami sabon,
rabi su sami tsohon da aka sani.
Ƙuri'a ke rabon, ta ce,
ni kaina ba zan san wanda ya faɗo maka ba.

Ni na karanta masa takardar, shafi bakwai:
amai, zubar gashi, ƙaiƙayi, wataƙila sauƙi,
wataƙila ba komai.
Baba ya yi shiru, sannan da rabin harshe ya ce,
"Yarinya, wannan ai cinikin biri a sama ne."
Ta ce, "Shi ne, Baba.
In ka ƙi, ba mai juya maka baya.
In ka shiga ka fasa, ƙofa a buɗe take."
"To la'adata fa?"
"Babu tabbas. Wataƙila wani ne zai karɓa,
nan da shekara goma, wanda ba za ka san sunansa ba."

Ya daɗe yana kallon babban yatsansa.
Ya dangwala a tawada.

A gindin dalbejiyar asibiti muka san Mati,
mai facin taya na Ƙofar Ƙwaya.
Tarin fuka ya ramar da shi har agogonsa na yawo a hannu.
Shi ma yana cikin wani gwajin:
ƙwayoyin da aka ce ko za su rage masa watannin sha.
Yakan zauna can ƙarshen benci da takunkumi a fuska.
Ɗaya ba numfashi, ɗaya ba harshe,
suka ƙulla abota da gira da ɗaga hannu,
kowace Talata, har ganyen ya zube ya sake tohowa.

Mati ya murmure. Kumatu suka dawo.
Ya zo mana da kilishi a takarda,
sai da ya miƙa ya tuna, ya sunkuyar da kai.
Baba ya karɓa, ya shinshina, ya yi dariyar ido,
ya koma ga kununsa mai ruwa-ruwa.

Ana saura kwana uku layya ya nuna mini hanyar kasuwa.
Na riƙe shi har turken farko.
Ya shafa gadon bayan wani balami, ya matsa ƙugu,
ya kama tafina, ya rubuta kuɗin da yatsa.
Mai ragon ya faɗi nasa. Baba ya girgiza kai.
Mai ragon ya sauko.

A littafin likita shi ne lamba arba'in da ɗaya.
Ƙurjin bai ƙaru ba, bai kuma tafi ba.
Har yau ba mu san wanne ƙuri'a ta ba shi ba.
Talata mai zuwa za su sake aunawa.